GIRKA DA GIRKAWA: TARIHI A BAKIN ƘOFAR ASIRI

Duk malamin makarantar da ya taɓa koyar da tarihin duniya da harshen Hausa ya san ƴar dariyar da kan tashi a aji idan ya rubuta kalmar “Girka” a kan allo. Shi yana nufin ƙasar nan ta Turai mai yawan tsibirai, mahaifar Aflatun da Aristotal. Yara kuwa, abin da ya fara faɗo musu a rai shi ne girkar bori, wadda suka ji tsofaffi suna ambata da murya ƙasa-ƙasa. Kalmomin biyu ba su haɗa dangi ba. Ɗaya sunan ƙasa ne da muka ara daga bakin Turawa, ɗayar kuwa Hausa ce tsantsa, daga girki, wato ɗora tukunya bisa murhu.

Duk da haka dariyar yaran ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin mutanen ƙasar Girka na dā, waɗanda malamanmu na zaure suka sani da Yunanawa ta hanyar littattafan Larabci, su ma suna da tasu girkar. Sun shafe fiye da shekara 1000 suna shigar da mutane cikin wani asiri na addini a garin Elusis, kuma har asirin ya mutu ba a sami wanda ya bayyana shi filla-filla ba daga cikin waɗanda suka shiga. Don gudun rikita mai karatu, daga nan zan riƙa ce musu Yunanawa, in bar wa girka sunanta. Abin da nake son mu duba tare shi ne girkar da ke kusa da mu, ta ƙasar Ƙwanni da Adar, mu ɗan haska ta da fitilar Elusis, ko ma gane wata matsala da ta shafi kowane mai kishin tarihin ƙasar nan: al'adar da ta ɓoye kanta, ranar da ta raunana, baƙi da abokan gaba ne ke rubuta labarinta.

Ƙofar gado da ƙofar ciwo

Kafin Musulunci ya game ƙasar Hausa, da kuma ƙarnuka da dama bayan zuwansa, manoman wannan yanki suna bin addinin kakanninsu. A Ƙwanni da Adar da Arewa ana kiran su Azna, a Maraɗi Anna, a Kano kuwa Maguzawa. Sun yarda akwai Ubangiji ɗaya da ya yi sama da ƙasa, amma suna ganin ya yi nisa, al'amuran yau da kullum kuwa suna hannun iskoki, mazauna tsamiya da kuka da duwatsu da tafkuna. Kowace zuriya tana da iskokin da ta gada tare da sana'arta, ta noma ce ko ta farauta ko ta ƙira, kuma babban gida ne ke yin yanka a madadin kowa.

Masu sarauta sau da yawa daga waje suka zo. A ƙarshen ƙarni na 17 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar, kuma zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Adar da ke Illela. Ƙwanni ita ma ta daɗe cikin inuwar Gobir. Waɗannan sarakuna suna sallah, amma sun bar wa Azna sha'anin ƙasa, saboda a ganin mutanen wancan zamani mai mulkin jama'a daban, mai alkawari da iskokin wuri daban. Ragowar wannan tsari ta kai har ƙarni na 21 a Masalata, ƴan kilomita kaɗan daga Birnin Ƙwanni, inda dattawan Azna suka saba yin arwa shekara-shekara, su duba abin da ke tafe na damina da amfanin gona da annoba da zaman lafiya, jama'a kuma ta taru don jin sakamako. Haka nan buɗin daji, wanda sai an yi shi mafarauta ke samun izinin shiga dawa. Wanda ya karanta Tarihin Kano zai tuna da Barbushe na dutsen Dala, wanda shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, sa'an nan ya fito ya gaya wa mutane abin da shekara za ta zo da shi. Wannan ita ce ƙofa ta farko. Gado ce, ba a roƙon ta, ba a sayen ta.

Ƙofa ta biyu ita ce bori, kuma ciwo ne ke buɗe ta. Mace ce ta yi ta ɓari ko wabi, ko mutum ne gaɓarsa ta shanye, ko yana yawan faɗuwa, ko hankalinsa ya riƙa gushewa, an yi magani an gaji. Sai mai duba ya ce iska ce ke neman sa. A nan ba a tambayar asali. Ɗan sarki da bawa, ɗan gari da baƙo, Ba'azne da Musulmi duk suna iya shiga, ko da yake mata sun fi yawa. Har a fada bori yana da kujera: a Gobir Inna, wadda ake naɗawa daga matan gidan sarauta, ita ce shugabar ƴan bori, a Katsina da Maraɗi kuwa Iya.

Kwana bakwai

Girka tana da tsada. Dangi za su tanadi dabbobi da kaji da hatsi da tufafi da turare, ga ladan masu kiɗa da na mai girkar. A Arewa, wajen Dogon Dutsi, gyara suke ce mata, sunan kuwa ya dace, domin tsakanin mutum da iskarsa ake gyarawa. Galibi kwana bakwai ake yi. Ana keɓe majinyaci a ɗaki ƙarƙashin kulawar tsofaffin ƴan bori, a riƙa yi masa wanka da jiƙon saiwoyi da sassaƙe, a shayar da shi, a turara shi. Masu goge ko garaya, tare da masu kiɗan ƙwarya, suna bin taken iskoki ɗaya bayan ɗaya, domin kowace iska tana da nata take da nata kirari, kuma ba ta amsa na wata. Taken da ya girgiza majinyaci, shi ne ya nuna mai shi. A cikin kwanakin nan ne kuma ake koya masa halin iskokin da suka bayyana: tafiyarsu da muryarsu da launin tufafinsu da abin da suka hana.

Daren ƙarshe shi ake kira kwanan zaune, ana raba dare ana kiɗa. Da gari ya waye sai a yi yanka, kowace iska da irin dabbar da take so da launinta, sa'an nan a fito da wanda aka girka gaban jama'a. Daga ranar ya zama doki, in mace ce goɗiya, domin iska hawa take yi, idan kuma za ta sauka sai a ji atishawa. Abin lura a nan shi ne, ba korar iskar aka yi ba, sulhu aka ƙulla da ita na har abada, da sharaɗin yanka da kiyaye dokokinta. Ɗanye ya shiga ɗaki, dafaffe ya fito, ma'anar sunan ke nan.

To ina asirin yake, alhali wasan bori a fili ake yin sa, yara ma suna kallo? Yana hawa uku. Na farko shi ne haɗin magunguna, wanda mai girka ba ya faɗa sai ga magajinsa. Na biyu shi ne abin da aka ce da abin da aka yi a cikin ɗaki. Na ukun ya fi su zurfi: dokin da aka hau, idan an sauka, cewa yake yi bai san abin da ya faru ba, sai dai ƴan kallo su ba shi labari. Ke nan akwai sashen asirin da ya ɓoyu har ga mai shi.

Mai nazarin tarihi yana da dalilinsa na musamman na kula da wannan al'ada, wato jerin iskokin kansu. Ƴan bori na Kano sun ce suna zaune a wani birni da ba a gani mai suna Jangare, gida-gida, da sarkinsu da fadawansu. A cikinsu akwai Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai ado da kyauta da caca. Akwai Malam Alhaji, tsohon malami mai tari da tasbaha. Akwai Kuturu da Sarkin Rafi da Kure, akwai Fulani da Buzaye. Duk wanda Bahaushe ya yi zama da shi ko ya ji tsoron sa, ya sami gurbi. A 1925, a ƙasar Kurfai wajen Filinge, wasu sababbin iskoki suka hau wata mace mai suna Shibo da mabiyanta, suna faretin soja, suna ba da umarni irin na Faransawa. Zabarmawa suka ce musu Hauka, Hausawa suka ce Babule. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya kama su ya azabtar da su, ba da jimawa ba kuwa shi kansa ya bayyana cikin jerin iskokin da sunan Kwamandan Mugu. Waɗanda ba su da alƙalami, haka suka rubuta tarihin mulkin mallaka da jikinsu.

Hanyar Elusis

Yanzu bari mu bar goge da ƙwarya, mu ƙetare hamada da teku, mu koma baya da shekara 2500. Elusis ƙaramin gari ne a bakin teku, kimanin kilomita 20 yamma da birnin Atina. Yunanawa sun ce Hades, sarkin ƙarƙashin ƙasa, ya sace Farsifoni, ɗiyar Dimita uwar hatsi. Uwar ta yi ta yawon neman ta, har ta iso Elusis cikin siffar tsohuwa ta zauna a bakin rijiya. Saboda baƙin ciki ta hana ƙasa tsiro, yunwa ta kusa ƙarar da mutane. Daga ƙarshe aka yi sulhu: ɗiyar za ta dawo, amma tun da ta ci ƙwayar rumman a can, dole ta riƙa komawa ƙasa sulusin kowace shekara. Dimita ta saki hatsi, ta kuma koya wa manyan garin asirinta.

Kowace shekara, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, ake babban biki na kimanin kwana 9. Ana shela a Atina cewa kowa ya zo, namiji ko mace, ɗa ko bawa, in dai yana jin Yunananci kuma babu jinin kisan kai a hannunsa. Masu shiga su gangara teku su yi wanka, kowa da ɗan aladen da zai yanka. Sa'an nan dubban mutane su taka da ƙafa daga Atina zuwa Elusis a kan hanyar da suke kira mai tsarki, su iso da dare da wutar jiniya. Su yi azumi, su buɗe baki da wani abin sha na sha'ir da ruwa da ganye mai ƙamshi, kusan irin farau-farau. Daga nan su shiga wani babban zaure rufaffe, wanda kowane gefensa ya kai wajen mita 50, a ja ƙofa.

Abin da ya faru bayan an ja ƙofar, hukuncin mai faɗinsa kisa ne, kuma ba barazanar baki ba ce. A shekara ta 415 kafin Miladiyya aka zargi Alkibiyadis, ɗaya daga cikin jagororin rundunar da Atina ta tura Sisili, da kwaikwayon asirin a wani gida cikin shaye-shaye. Aka kira shi gida, ya gudu zuwa Siparta, aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, aka ƙwace dukiyarsa. Wajen shekara ta 200 kafin Miladiyya wasu samari biyu baƙi daga Akarnaniya suka bi ayari suka shiga ba tare da an shirya su ba, tambayoyinsu suka tona su, aka kashe su. Har sarakunan Rum, irin su Hadiriyan da Markus Oreliyus, su ma an shigar da su. Abin da kawai masu fitowa suka yarda su faɗa shi ne sun ga haske bayan duhu, kuma tsoron mutuwa ya ragu a zukatansu.

Inda suka yi kama da inda suka rabu

Kamanni na farko shi ne hatsi. Dimita uwar hatsi ce, Maguzawa kuma suna da Uwar Gona. Wasu masana suna ganin zaman Farsifoni a ƙarƙashin ƙasa yana nuni ne da watannin rani, lokacin da Yunanawa ke adana iri a cikin ramuka, gonaki kuwa sun bushe ƙurmus. Mutumin Ƙwanni da ya tashi a gindin manyan rumbunan laka, ya ga yadda ake liƙe bakinsu da kaka a jira ruwan shuka, ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Na biyu shi ne ƙofofin nan biyu. A Elusis ma manyan muƙamai gadon gidaje biyu ne, Yumolfidai da Kerikes, amma shiga ta kowa ce. Abin da ya rabu tsakanin Azna da ƴan bori a wurinmu, a can ya haɗu cikin zaure ɗaya. Na uku shi ne irin sanin da ake samu. An ruwaito cewa Aristotal yana ganin masu shiga asirin ba karatu suke zuwa ɗauka ba, wani hali ne ake so ya ratsa su ya sauya su. Tsohuwar goɗiya ba za ta yi musun wannan ba.

Bambancin ma babba ne. Elusis hukuma ce ta gwamnatin Atina, da dokoki rubutattu a kan duwatsu, kuma alkawarinta na bayan mutuwa ne. Bori bai yi wa kowa alkawarin lahira ba, lafiya da haihuwa da arzikin duniya yake nema. Kuma babu hawan iska a Elusis. Wanda ke neman ainihin ɗan'uwan girka a wurin Yunanawa sai ya dubi wata ƙaramar ƙungiya da ake kira Koribantawa, wadda Aflatun ya ambata a wurare da dama. Su masu firgita da ruɗewar hankali suke yi wa magani da sarewa da ganga da rawa. Suna zaunar da sabon shiga a kan kujera su yi ta kewaya shi, kuma Aflatun ya lura cewa kowannensu taken abin bautar da ya kama shi kaɗai yake ji, sauran ba su dame shi ba. Mai goge na Adar da aka karanta wa wannan bayani zai ɗauka sana'arsa ake siffantawa.

Sai dai a yi hattara. Kama da wane ba ta wane. A 1910 Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga kawunan tagulla da na yumɓu a Ife, ya ƙi yarda cewa baƙar fata ne suka ƙago irin wannan fasaha, ya ce ragowar Atlantis ce, ƙasar da ke cikin tatsuniyar Yunanawa. Babu wata shaida da ta nuna bori ya fito daga Yunan, ko asirin Yunan ya fito daga ƙasar Hausa. Manoma ne a nan da can, masu jiran ruwan sama, masu binne ƴaƴansu, suka fuskanci tambaya iri ɗaya, amsoshinsu suka yi kusa.

Yadda ƙofa ta ƙuntata

Ƙarshen Elusis ya zo cikin hanzari. Bayan daular Rum ta karɓi Kiristanci, Sarki Tiyodosiyus ya hana bautar gargajiya a dokokinsa na 391 da 392 Miladiyya, a 396 kuma rundunar Alarik ta auka wa wurin. Ba a sake jan ƙofar zauren ba.

Tamu ƙofar a hankali ta riƙa ƙuntata, kuma labarin daga nan gida ya fara. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. A littattafansa, irin su Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga masu gauraya Musulunci da yanka ga itatuwa da duwatsu. Bayan hijirarsa zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, Matankari da Ƙwanni suna cikin garuruwan farko da jama'arsa suka ci, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. Sarakunan Katsina da na Gobir da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Maraɗi da Tsibiri, can muƙaman Iya da Inna suka ci gaba da rayuwa. A cikin daular kuwa, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gane cewa hani kaɗai ba zai raba matan ƙauye da bori ba. Ta kafa ƙungiyar Ƴan Taru, ta naɗa jajis masu kai karatu ƙauyuka, ta ba su malfa da jan ƙyalle, alamun da mata suka saba gani a kan Inna.

Sa'an nan Turawa suka zo. A watan Afrilu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, cibiyar Azna ta Arewa, a watan Mayu kuma ta ƙone Birnin Ƙwanni ta hallaka jama'a masu yawan gaske. A al'ummar da ke ajiye iliminta cikin ƙirjin tsofaffi, kisan rana ɗaya yana iya shafe abin da aka tara cikin ƙarnuka. Ƙarni na 20 ya kawo makarantar boko da asibiti, kamar na Galmi da aka buɗe a 1950, ya kawo cirani da kasuwancin kan iyaka, inda shiga jama'a ke bukatar sallah. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta ƙetaro Nijar da wa'azinta, ruƙiyya kuma ta zama hanyar da mutane da yawa ke bi idan ana zaton aljani. Daga 2000, jihohin arewacin Nijeriya da suka ƙaddamar da shari'a, har da Sakkwato maƙwabciyarmu, suka ƙara matsa wa wasan bori a fili. Ɗan mai goge ya koma tuƙin kabu-kabu, jikar goɗiya kuma kunyar ambaton kakarta take ji.

Wa ya riƙe alƙalami?

A nan ne darasin Elusis ya fi amfani gare mu. Dubban dubatan da suka shiga zauren sun cika alkawari, sun tafi da asirinsu kabari. Ɗan abin da aka sani na cikin zauren, mafi yawansa daga marubutan Kirista ne da suka rubuta don su kushe shi. Kilimas na Iskandariyya, a ƙarshen ƙarni na 2, shi ya kawo kalmomin da masu shiga ke furtawa. Wani littafin raddi na farkon ƙarni na 3, wanda ake jingina wa Hifolitus, shi ya ce babban abin da ake nunawa zangarniyar hatsi ce da aka yanke cikin shiru. Masana suna ta muhawara har yau, domin ba su da hanyar tantance inda maƙiyi ya faɗi gaskiya da inda ya ƙara gishiri.

Mu duba namu. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan Azna da bori, kashi biyu ne. Kashi na farko na malaman jihadi ne, waɗanda manufarsu gyaran aƙida ce, ba adana labari ba. Kashi na biyu na baƙi ne. Tremearne ya wallafa littafinsa a 1914 daga abin da ya ji wurin Hausawan Tunis da Tarabulus. Greenberg ya yi rubutu kan Maguzawan Kano a 1946, Jacqueline Monfouga-Nicolas kan borin Maraɗi a 1972, Fremont Besmer kan na Kano a 1983, Nicole Echard kan na Adar da Kurfai a 1989, Adeline Masquelier kan na Dogon Dutsi a 2001. Sun yi aiki mai daraja, ba don su ba da hannunmu ya fi haka zama wofi. Amma da Faransanci da Ingilishi suka rubuta, don masu karatun ƙasashensu, kuma kirarin da aka juya zuwa wani harshe ya riga ya zubar da rabin ƙarfinsa. Da wuya jikokin waɗanda aka yi hira da su su ga littattafan.

Na san abin da wani malami zai ce: me ya haɗa Musulmi da tattara labarin tsafi? Amsar tana cikin tarihin malantarmu. Ibnul Kalbi, a farkon zamanin Abbasiyawa, ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawan jahiliyya, da sunayensu da wurarensu da ƙabilun da ke bauta musu. Al-Biruni, wajen 1030, ya koyi harshen malaman Indiya ya bayyana addininsu yadda su da kansu suke faɗar sa. Wanda ya rubuta Tarihin Kano Musulmi ne, amma da Barbushe ya buɗe littafinsa. Babu ɗayansu da aka ce imaninsa ya ragu. Sanin abin da kakanni suka yi daban, komawa gare shi daban.

Aikin da ke gaban malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Ƙwanni da Malbaza da Illela bai fi ƙarfinsu ba. Akwai abubuwa da yawa da ba asiri ba ne, waɗanda tsofaffi za su faɗa da daɗin rai idan an je musu da ladabi: sunayen iskoki da kirarinsu, taken kowace a bakin goge, lissafin watannin noma, jerin waɗanda suka riƙe muƙaman gargajiya a kowane gari, wuraren tsofaffin itatuwa da duwatsu da rijiyoyi, sunayen tsirran da fari da gatari ke ƙararwa. A ɗauki murya, wayar hannu ma ta isa, a rubuta da Hausar wurin ba tare da an mayar da ita ta Kano ba, a sa rana da wuri, a nemi yardar mai magana kan abin da za a bayyana da abin da za a ajiye. A bar kwafi a makarantar gari, a kai wani ga cibiyoyin bincike na Yamai, irin su IRSH da CELHTO, wadda tun 1968 aka kafa ta don adana al'adun baka.

Abin da ke cikin ɗakin girka kuwa, idan mai shi ya ce ba ya faɗa, a ƙyale shi. Ba a shiga da ƙarya, ba a ɓoye na'ura cikin aljihu. Yunanawa sun rasa asirin Elusis, amma sun bar wa na baya hanyar da aka bi da ranakun biki da sunayen gidajen da suka riƙe shi, har ma da lissafin kuɗin da aka kashe, domin sun sassaƙa su a kan dutse. Mu abin da muke gab da rasawa ya haɗa da asirin da hanyar da sunayen baki ɗaya. Tsofaffin da suka san taken kowace iska ƴan kaɗan ne suka rage, kuma kowane sanyin hunturu yana rage su. Malamin da ke da irin wannan tsoho a unguwarsa, kada ya jira hutun baɗi.